Kansila Da Rufin Laburare

"Ginin nan ne ya raine ni!" in ji Kansila Victor, yana dukan ƙirji. "Kullum a nan nake wuni."

Shekari, mai kula da laburaren Sabon Tasha, ya taɓe baki, amma ya tafa. Mulkin soja ya wuce, ga irin shugabannin da aka samu. Sai dai rufi na yoyo a kan littattafai, kuma Kansila ne kaɗai zai sa a gyara. Shi ya sa ya gayyato shi buɗe shirin yara na dogon hutu.

Mama Phoebe, wadda aka ɗauko don tatsuniya, ta gyaɗa kai.

"Gaskiya ya faɗa, 'ya'yana. Lokacin da ginin nan yake gidan burkutuna, shi ke fara zuwa."

Shekari ya cire rai da gyaran rufi, ya tashi neman ƙarin bokitin tarar yoyo.