Ranar da Fara ta Sauka a Gonar Inna

Ƙamshin soyayyar fara har yau yakan mayar da ni Kebbe, shekarar da Turawa suka kwashe su Baba zuwa haƙar kuza, aka bar mu ni da Inna da gonar gero. Gidanmu ne kaɗai na Kirista a unguwar.

Wata rana da la'asar fara ta rufe rana. Kowa ya fita yana buga gwangwani, ana tayar da hayaƙi, amma a banza. A idonmu ta cinye geron da muke jira mu ci har Baba ya dawo. Na zauna a kan kunya ina kuka.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a bakin gonar, ta yi addu'a gajeruwa cikin sunan Yesu, kamar mai gaya wa maƙwabci abin da ya faru. Sannan ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta miƙo mini ƙwarya.

Ta ce, "Tashi, ɗiyata. Ubangiji shina ganinmu. Ta ci geronmu, mu ko mu ci ta."

Muka cika buhu biyu. Ta tafasa, ta shanya, ta soya da gishiri, har maƙwabta suka samu. Da ita muka rage yunwar wannan shekara.

Yanzu na girmi Inna ta wancan lokaci, amma ban kai ta natsuwa ba. In masifa ta sauko, nakan yi kukana tukuna, sannan in tuna in nemi ƙwarya.