Ƙoƙon da Manomi Ya Kusa Zubarwa

Saudatu, ajiye farantin nan tukuna, kada ki kai shi kwandon shara. Tun da na shigo ɗakin bincike na ga fuskarki kamar wadda aka aika kasuwa ta dawo hannu Rabbana. Kin ɗiga ƙananan sinadarai iri-iri a kan ƙwayoyin halitta, kowanne a raminsa a cikin farantin, don ki gane yadda ƙwaya ɗaya take rabuwa gida biyu, tunda ciwon daji rabuwa ce da ta ƙi tsayawa. Yawancinsu ba su yi komai ba, wasu sun kashe ƙwayoyin ƙurmus. Guda ɗaya ya bar su sun fara rabuwa sun maƙale a tsakiya, shi ne kike cewa aikinki ya lalace, har kina zancen barin binciken. Zauna in ba ki misali.

Akwai wani manomi da wuta-wuta ta addabi gonar geron da ya gada wajen mahaifinsa. Kowace damina sai ciyawar ta fito da furenta mai kyau kamar ba ita ba, gero kuwa ya ƙanjame. Yana tugewa, iyalinsa na tugewa, amma rumbu ba ya kai su bazara. Maƙwabta suka ce zafin furen ne ke ƙona gero, ƙasar ta mutu, ya haƙura ya tafi ci-rani. Shi kuwa mutum ne mai taurin kai, irin naki. Da rani ya tattara ƙoƙuna da tsofaffin kwanoni, duk abin da matarsa ta kau da ido a kai, ya cika su da ƙasar gonar, ya shuka gero a kowanne. Sannan ya shiga jiƙa abubuwa: ganyen darbejiya, tokar kara, bagaruwa, kanwa, sabara, sassaƙen itatuwan da ko sunansu bai sani ba. Kowane ƙoƙo da nasa jiƙon. Bai taɓa haɗa biyu wuri ɗaya ba, don in abu ya faru ya san wanda ya yi. Wasu ƙoƙunan kuma ya bar su da ruwan rijiya zalla, don ya sami abin gwadawa da su.

Yawancin ƙoƙunan suka ba shi haushi, wuta-wuta ta fito abinta kamar an yi mata ban ruwa. A wasu, jiƙon ya ƙone komai, ciyawa da gero. Wannan bai koya masa komai ba, ai gobara ma tana kashe ciyawa. Sai wani ƙoƙo can gefe da ya zuba wa jiƙon wani sassaƙe, geronsa bai yi wani kyau ba, ciyawar kuma ba ta leƙo ba. Ya ɗauka ƙasar ce ba iri a cikinta, ya ɗaga zai zubar. Da ya kife shi, ƙasar ta zube, saiwar gero ta bayyana, sai ya tsaya ya ƙura ido. Ga wasu saiwoyin ciyawar, farare, sirara kamar gashi, sun tsiro sun miƙe zuwa ga saiwar, sun tsaya daf da ita ba su kama ba. Ya kife sauran ƙoƙunan, ya tarar a can sun riga sun manne, ba a gane ina gero ya ƙare, ina ciyawa ta fara. Ashe tun a ƙarƙashin ƙasa take tsotse gero, kafin ido ya gan ta. Duk tugewar da ya yi shekara da shekaru ihu ne bayan hari.

Jiƙon nan bai ishi gona ba, ina zai sami sassaƙen da zai shayar da fili guda? Amma ya nuna masa inda ɓarauniyar ke shiga. Ya daina jiran fure. Ya hutar da wani ɓangare daga gero ya zuba gyaɗa, ya ƙara taki don saiwa ta yi ƙarfi, wuta-wutar da ta fito kuma bai bar ta ta zubar da iri ba. Bayan 'yan damuna, hatsin bara ya fara tarar da sabo a rumbunsa, ci-ranin ma bai je ba.

To, Saudatu, ramin nan naki shi ne ƙoƙon. Abin da ke wucewa da sauri har ba ki iya ganinsa, wannan sinadarin ya tsayar miki da shi ki kalla. Ni dai farin ciki nake yi, ke kina ɓata rai. Ɗauki farantin ki sa a madubin ƙara girma, ki duba inda ƙwayoyin suka tsaya da abin da suka kasa yi. Mai nema yana tare da samu.