Gashin Bakin Sha-Yawo

Baƙon ya miƙa hannu ya ɗauke tsokar da ke farantin Sha-Yawo, ya jefa a baki, ya lumshe ido.

"Garinmu, girmamawa," in ji shi da gurguwar Hausarsa.

Sha-Yawo har da tafi. Shekara ashirin ya yi yana girki a jirgin ruwa, ya dawo gida da gashin baki murɗaɗɗe da magana ɗaya tak: babu daidai, babu kuskure, kowace ƙasa da nata. In ya shiga ɗaki da takalmi, akwai ƙasar da hakan ladabi ne. Da ya kyautar wa abokinsa keken ɗinkin matarsa ba tare da ya tambaye ta ba, nan ma akwai ƙasar da kayan mace na unguwa ne. Ya ma rantse mata a gaban maƙwabta: ranar da ya kira al'adar wani rashin kunya, shi zai ɗauko keken nan a ka ya dawo mata da shi.

Sai ga wannan baƙo, wanda matar ta ce ta tarar a tasha ya rasa masauki. Sha-Yawo bai taɓa jin sunan ƙasarsa ba, amma ya ce ai sun taɓa tsayawa can shan mai.

Rana ta biyu baƙon ya gaje kujerar Sha-Yawo ta falo, ya ɗora ƙafafu kan rediyo. Girmamawa. Rana ta uku ya sa rigar maigidan ta zuwa biki ya goge tagogi da hannunta. Babbar girmamawa. Sha-Yawo yana dariya, dariyar tana ƙara siririya. Ita kuwa matar kullum sai ta ruga kicin ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Tausayinta ya kama shi. Mace ba ta ga duniya ba, dole abin ya sa ta kuka. Ga ta da kirki, ko tambaya ba ta yi ba, ta san baƙon ba ya shan shayi da madara.

Rana ta huɗu, bayan cin abincin rana, gyangyaɗi ya ɗauke Sha-Yawo a tabarma. Sanyin kumfa ya ji a leɓe. Yana buɗe ido ya ga baƙon durƙushe a kansa da reza, fuska cike da ladabi.

"Garinmu, baƙo aske maigida. Girmamawa ƙarshe."

Sha-Yawo ya yi tsalle ya dafe gashin bakinsa da hannu biyu.

"Wannan rashin kunya ne! Ko a wace ƙasa rashin kunya ne!"

Maƙwabta uku na leƙe ta taga, duk sun ji.

Haka ya ratso unguwa da keken ɗinki a ka, gumi na zuba, masu shaguna na yi masa sannu da aiki. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya iso ƙofar gida yana haki, sai ya jiyo shewa daga kicin, da muryar baƙon cikin Hausa tsantsa, ba gargada:

"Wallahi Yaya, mijin nan naki bai gane ni ba sam, ni da na tsula masa fitsari a cinya ranar aurenku."