Baƙon Ƙarfe Goma Sha Biyu

Tun da asuba Eulogia ta ɗora miyar gyaɗa, ta soya kaza, ta zuba mata barkonon da zai sa jaki kuka. Mijinta Anselmo zai iso birnin La Paz da ƙarfe goma sha biyu na rana, ya juya gobe war haka. Ba ya ƙara ko minti ɗaya.

Shekara uku ke nan da tafiyarsa, kuma zuwa biyun da ya yi duk a gidan ƙanwarsa Fermina ya sauka. Fermina ta bi kasuwa rumfa-rumfa tana ba da labari. Wannan ne zuwa na uku, bayansa kuwa ba a cika sa rai ba. Eulogia ta rantse bana a gidanta zai ci abinci.

Ta cika tebur har ba wurin ajiye cokali. Ga dankali, ga ganyen koka na taunawa, ga tabar da ta hana shi sha shekara talatin, ga burodi mai siffar tsani daga gidan burodin unguwa. Ta jingina sandar rake a gefe, don ya dogara, hanyar da nisa.

Sha ɗaya da rabi Fermina ta shigo ba ƙwanƙwasawa, ta buɗe tukunya ta shinshina.

"Matar Yaya, wannan barkonon fa? Likita ya hana shi."

"Likita ya ci kansa. Ke wa kika baro a gida, ko kin haƙura da baƙon?"

"Na bar ƙofa a buɗe, ya san hanya. Zuwa na yi in ga yadda za ki sha kunya."

Eulogia ta zaro takarda daga aljihu ta karanto mata tsarin yini. In ya ci ya huta, za su hau motar da ke tafiya a sama a jikin igiya, sabon layin da ba a gama ba sai bayan tafiyarsa, ya ga gari daga sama. Su sauka garin El Alto su sha kunun masara mai zafi. Daga nan filin ƙwallo, ya ga 'yan wasan ƙungiyar da yake goyon baya har yanzu ba su koyi komai ba. Gobe da safe kuma kasuwa, ta wuce da shi ta gaban kowace rumfa.

"Gari daga sama?" in ji Fermina. "Ai ya gaji da ganinsa."

Ƙararrawar coci ta fara bugawa. Eulogia ta buɗe ƙofa da taga, ta gyara hularta, ta tsaya. Bugu na goma sha biyu ya wuce. Titi shiru, sai kare. Fermina ta fara naɗe mayafi tana murmushi.

Sai ga wani ƙaton ƙuda ta taga, kore, mai ƙara kamar tsohuwar babbar mota. Ya zaga ɗakin sau biyu, ya wuce ta kan Fermina bai kula ta ba, ya dira a kan cinyar kaza yana murza hannuwa.

Eulogia ta yi shekara talatin tana sayar da abinci a kasuwa da tsumma a kafaɗa. Hannunta bai nemi shawararta ba. Fat!

Ta ɗaga tsumman a hankali. Fermina ta matso ta leƙa, ta yi alamar gicciye, ta daɗe tana kallon ɗan baƙin tabon da ke jikin kazar.

"To, kin ci gasa, wurinki ya sauka," ta ce. "Sau ɗaya a shekara ake barin matattu su zo gida, bawan Allah ya ari jikin ƙuda ya taso tun daga lahira, ke kuma kin sake mayar da kanki mai takaba."