Ɗaurin Talalar Nata'ala

Nata'ala mai itace yana zaune a zaurensa a Limawa, ƙofa a buɗe, ƙafarsa ba mari ba igiya, amma ko bakin titi ba ya iya zuwa. Wai a ɗaure yake. To, ku tsaya ku ji wanda ya ɗaure shi.

Maƙwabcinsa ne, Misbahu, gandiroba a gidan yari. Ya wanke kakinsa ya shanya a kan danga, akuyar Nata'ala ta ga hula, ta ɗanɗana, ta ji daɗi, ta ci gaba. Aka yi cacar baki, aka kai ga cin kwala.

Shekarar da aka shigo da Shari'a ce, gari ya cika da masu kamu. Ga ɗan sanda, ga ɗan hisba, ga ɗan sintiri, talaka bai san wa ke da ikon me ba. Ana haka aka ji ana gardama a rediyo kan ba wa gandirobobi ikon kama mutum kamar 'yan sanda. A wace ƙasa? An yi dokar ne, ko shawara ake? Ba wanda ya ji farko, ba wanda ya ji ƙarshe, amma kowa a teburin mai shayi ya rantse ya ji tsakiya.

Misbahu ya sa kaki ya zo, ya ce sabuwar doka ta ba shi iko, ya kama Nata'ala da laifin ɓata kayan gwamnati. Amma saboda maƙwabtaka ba zai kai shi ciki ba, ɗaurin talala zai yi masa: ya zauna a gida har a neme shi. In ya bar unguwa, ya zama fursunan da ya tsere. Nata'ala har godiya ya yi.

Kullum in Misbahu zai tafi aiki sai ya leƙa zauren ya ƙirga shi, yadda suke ƙirga fursunoni. Mutum ɗaya ne fa, amma sai ya nuna shi da yatsa.

Zulfa, matar Nata'ala, ita abin ya tsaya wa a rai.

"Malam, wane alƙali ne ya yanke maka? Kuma in fursuna ne kai, ina tuwon da gwamnati ke ba su? Ni nake ta tuƙawa."

"Ki rufa min asiri," in ji shi. "Ba a yi wa kaki tambaya."

Sai ga ƙaninsa Isah daga garinsu Miga. Ya ce jikin Inna, mahaifiyarsu, ya yi tsanani, sunansa take ta kira. Nata'ala ya je ya durƙusa wa Misbahu. Shi kuwa ya ɗanɗana mulki, kuma ya zaci ciwon tsufa ne na yau da gobe, sai ya ce sai ya tambayi na sama. Isah ya koma da saƙon gobe. Gobe ta zama jibi.

Zulfa ta zura hijabi, ta bi matan da ke kai wa 'yan uwansu abinci gidan yari. A bakin ƙofa ta samu wani tsohon gandiroba mai furfura, ta gaishe shi, ta zayyane masa komai. Ya tambaye ta takardar alƙali, ta ce ba ta taɓa ganinta ba.

"Baiwar Allah, mu makulli muke riƙewa. Wanda kotu ta aiko mu rufe, wanda ta ce a saki mu buɗe. Ko gobe aka ba mu ikon kamu, ai sai an kai mutum gaban alƙali. Je ki gaya wa mijinki ba wanda ya ɗaure shi."

Tana dawowa ta faɗa masa, Nata'ala ya fita tasha ko hula babu. Yana isa Miga ya ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, Isah a gaba, ƙasa har gwiwarsa. Mata suka ce har bayan Inna ta daina magana tana juya kai duk sanda ta ji ƙarar mota.

Misbahu ya zo ta'aziyya cikin farar riga, ya ce wallahi wasa yake, so yake ya ɗan koya masa hankali. An ja masa kunne a wurin aiki, an ce. Inna dai tana inda aka kai ta.

Jama'a, in mai kaki ya ce doka ta ba shi iko a kanka, ka tambaya: wace doka, wa ya yi ta, ina iyakarta? Tambaya ba rashin ladabi ba ce. Kai kuma mai kaki, amana aka sa maka a jiki, ba ka san abin da wasanka zai raba mutum da shi ba.