Sharar Ranar Laraba

Karo na biyar ke nan da Kuniko Shimotani ta fito da sassafe ta tarar da hankaki suna biki a bakin lungu. Sun yaga leda, sun watsa ƙayar kifi da jiƙaƙƙen ganyen shayi har ƙofar gidan mai gyaran keke, ga wani ruwa mai yauƙi yana bin kwalta. Ta toshe hanci da hannun riga. Yau Laraba, ranar fitar da sharar kwalabe da gwangwani kawai. Ko yaron goye a wannan unguwa ta Osaka ya san sharar kicin sai Litinin da Alhamis.

Shekara arba'in tana lungun nan ba ta taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba, sai da Sachie ta gaji gidan kakanta ta mai da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido. Tun daga lokacin ƙarar tayoyin akwati ta hana kowa sakat.

Kuma ba a ce ba a gaya musu ba. Kuniko da hannunta ta rubuta 'yar takardar da aka fassara aka liƙa a kowane ɗakin masaukin: a cire takalmi a bakin ƙofa, silifas ɗin banɗaki ba ya fita daga banɗaki, ba a cin abinci a tafe, ba a waya a jirgin ƙasa, titi babu kwandon shara don haka kowa ya riƙe tasa a aljihu. Ranakun shara kuwa da jan alƙalami ta ja musu layi. Amma ina! Kamar ta zuba ruwa a kwando.

Ita dai nata kwandon kullum fes yake. Wani lokaci har mamaki take yi yadda ba ya cika.

Makon jiya ma da idonta ta ga wani dogon Bature mai jan gemu tsugune a kan ledar sharar da aka yar a bakin lungu, takardar tata a hannunsa, yana tsince gwangwani daga cikin ɓawon kabeji. Da ya gan ta sai ya rusuna har da murmushi. Rashin kunya ba ta wuce haka ba. Gani ya kori ji.

Ta bi gida gida ta tara sa hannun mutum talatin da ɗaya. Idan ƙungiyar unguwa ta kai ƙara ofishin gunduma, masaukin Sachie ya rufu ke nan, kuma yarinyar ba ta da wata sana'a. Kuniko ta san da haka, ko a jikinta. 'Yarta ta bugo waya daga Nagoya tana ta mitar wata takarda da wani likita, ta katse ta don tana da abin yi. Butar shayi ma ta ƙone a kan wuta, ta biyu a watan nan, duk saboda ɓacin ran baƙin nan.

Wannan karon ba ta bari Sachie ta riga ta kwashewa ba. Ta sa safar hannu, ta kori hankakin, ta jefa ledar cikin wata leda, ta ja ta har zauren taron unguwa, inda ƙungiya ke zama kan ƙarar a safiyar nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mutum wajen ashirin suna zaune a kan tabarma lokacin da ta dire kayan a tsakiya. Wari ya gauraye ɗakin, matar mai wanki ta tashi ta buɗe taga. Tsoho Okuda, shugaban ƙungiya, ya ja da baya yana fifita da takardar ƙarar.

Ya ce, da "san" ɗin girmamawa a ƙarshen sunanta, "Haba, Shimotani-san, a nan ɗin? Ko karin kumallo bai gama sauka ba."

"Ai gara kowa ya shaƙa, kada a ce sharri nake yi."

Sachie ta matso a kan gwiwoyinta, fuskarta ta yi fari fat, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma. "Goggo, don girmanki kada ki buɗe. Na ɗauki laifin. Ni zan riƙa kwashewa kullum, kamar yadda na saba."

"Kun ji ko? Kamar yadda ta saba! To me kike ɓoyewa, 'yar nan?"

Ƙullin ledar ya yi kyau, ninki biyu da kunne ɗaya, irin wanda ake ja sau ɗaya ya warware. Ta ja, ya warware. Ta zazzage a kan tsohuwar jarida. Ƙayar kifi ce an tsotse ta tas, ba ko tsoka ɗaya. Robobin natto har shida, waken nan mai yauƙi da baƙi ke gudu ko warinsa suka ji. Kwalbar man zafi. Kuniko ta yi tsaki, ta ci gaba da tonawa da yatsu biyu tana kau da kai, har ta ci karo da abin da take nema: ambulan, a jiƙe da ruwan miya, ba a ko buɗe shi ba.

"Yauwa! Okuda-san, karanta mana sunan ƙazamin da ƙarfi. Tabarauna ya ɓata tun Litinin."

Okuda ya karɓa da bakin yatsa. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya kalli Sachie, wadda ta rufe fuska da tafukanta. Matar mai wanki ta leƙa ta kafaɗarsa, ita ma ta sunkuyar da kai.

"Ka makance ne kai ma? Karanta mana!"

Bai karanta ba. Ya sa hannu cikin tarkacen, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin ɓawon kabeji, ya goge shi da hankicinsa a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu tare da ambulan ɗin. Tabarau ne mai igiya shuɗiya, irin wadda marigayi mijinta ya ɗaura mata don ta daina yar da shi.

Ta saka, ta kai ambulan ɗin kusa da ido. A ƙarƙashin hatimin asibitin masu ciwon mantuwa an buga da manyan baƙaƙe: Kuniko Shimotani, gida mai lamba goma sha huɗu.