Kofin Ruwan da Kawu Ya Sa a Firiza

Ina 'yar shekara tara Inna ta ƙudura sayen firizar maƙwabciyarmu a Majidaɗi, don ta riƙa sayar da ƙanƙara. Saniyata za a sayar a biya, wadda kakata ta ba ni tana karsana ranar sunana, ana kiwonta can ruga wajen Iware.

Inna ta kira ƙanenta, Kawu, manajan wani kanti, ya duba mata. Ko farashi bai tambaya ba. Bayan azahar ya cika kofin silba da ruwa, ya sa a firizar.

"Adda, mu jira la'asar. In ya fara daskarewa, ki saya."

Na jingina da firizar ina jin gurnaninta a bayana. Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Can gurnanin ya tsaya.

Da la'asar Kawu ya ciro kofin, ya shanye ruwan.

"Firiza lafiyarta lau, Adda. Wutar unguwarku ce ba lafiya. Bar wa yarinya saniyarta."

Inna ba ta yi musu ba.

Har yau in firizata ta yi shiru, sai hankalina ya kwanta, kafin in tuna akwai nama a ciki.